Rigar Kakana Ta Je Gyara Garinsu

Tun da na dawo daga Nijar, duk wadda ta shigo gidana sayen atamfa sai ta ajiye ciniki gefe ta ce, "Saude, wai da gaske tsumma kika ɗauka kika ƙetare iyaka da shi?" Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, kuma kullum bayan mai tambaya ta tafi sai in tuna wani abin da na tsallake. Shi ya sa na zauna in rubuta shi tun daga farko.

Ba tsumma ba ne. Babbar riga ce ta saƙi, saƙar hannu, mai ɗigon fari da shuɗi kamar jikin zabo. Ta kakana ce, mahaifin Babanmu. Ya rasu Baba yana ƙaramin yaro a wani ƙauye gabas da Magariya, dangi suka ɗauko yaron suka riƙe shi a Magariya, daga nan ya gangaro Kano karatu ya zauna. Abin da ya taho da shi na ubansa rigar nan ce kaɗai, kuma ta daɗe a ƙasan akwati. Bana, da Babbar Sallah ta gabato, Baba ya sa aka fito da ita, ya ce da ita zai je idi. Idonsa ya yi rauni, bai ga abin da muka gani ba. Kafaɗa ta mutu, baya ya tsage, asu ya cinye gefe guda.

Na kai wa telan da ke mini ɗinki. Ya ɗaga ta ya duba, ya ce, "Hajiya, in na sa wannan a keke, allura ce za ta ƙarasa ta. Kuma yadin da zan yi mata faci da shi babu shi a kasuwa."

Na dawo na ce wa Baba zan ɗinka masa sabuwar shadda. Ya ce, "Ban ce miki ba ni da riga ba. Na ce wannan nake so." Ya ƙara da cewa, "Inda aka saƙa ta, su za su san maganinta."

Sunan garin ma bai riƙe shi duka ba. Ya dai ce akwai tsamiya a cikin sunan, kuma akwai ramukan rini bayan rijiya. Da wannan kwatancen na naɗe rigar cikin wata sabuwar shadda, maigidana ya raka ni tasha.

Motar ta bi da mu ta Ɓaɓura zuwa Babban Mutum. A can muka sauka muka ƙetare. Da muka isa wurin 'yan duwan, wato kwastam ɗinsu, wani matashi cikinsu ya ce in buɗe jaka. Ya warware shaddar a hankali, yana tsammanin wani abu mai tsada, sai ga riga a yage. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya yi dariya ya ce, "Madam, mutane sabon kaya suke ɓoyewa cikin tsumma. Ke kin ɓoye tsumma cikin sabon kaya." Wani dattijo cikinsu ya taso ya shafa ta da bayan hannu. Ya ce wa yaron ya naɗe mini kayana kamar yadda ya same su, sannan ya ce mini, "Irin ta na gani a jikin kakana. Allah ya kai ki lafiya."

A Magariya na sauka gidan Yaya Rabi, jikar waɗanda suka riƙe Baba, malama ce a makarantar firamare, su suna cewa lakwal. Rabona da ita tun bikina. Hausarmu ɗaya, amma sai an ɗan jima kunne yake sabawa. Shadda a wurinsu bazan ce, gwanjo bosho ne, ɗan acaɓa kuwa kabu-kabu. Da rana ta take na zauna ina jiran a sauke tukunya, sai aka ajiye mini ƙwarya cike da fura da nono. Na sha kaɗan na ture, don kada in cika ciki kafin abinci ya zo. Yaya Rabi ta dube ni ta ce, "Sha da kyau, ƙanwata. Abincin ke nan, sai kuma tuwon dare." Ban ƙara yin wannan kuskuren ba. Furarsu ma ba irin tamu ba ce, mai kauri ce, tana riƙe mutum har magariba.

Muka shiga tambaya a kasuwa. Wani ya ce tabbas akwai masaƙi a Bande, kowa ya san shi. Muka hau mota muka nufi arewa, aka nuna mana rumfarsa, muka tarar da bawan Allah yana saƙa kujera da igiyar roba. Yaya Rabi ta yi dariya har ta dafa bango. Shi kuwa bai ji haushi ba, ya ba mu kujerun da ya gama muka zauna, ya karɓi rigar ya duba. Ya ce ubansa masaƙin tufa ne, shi ne ya sauya hannu da kasuwa ta mutu. Ya ce, "Wannan ƙananan ido haka, saƙar mutanen gabas ce. Ku je Mallawa, ku tambayi Tsamiyar Goje. Na ji an ce har yanzu akwai mai buga masaƙa a can."

Hanyar Mallawa ita ce ta gwada mini ƙashina. Daga Magariya zuwa Dungas motar tana tafiya tana tsayawa, a sauke buhu a ɗora akuya. Bayan Dungas yashi ya riƙe mu, maza suka sauka turi, mu mata muka koma gindin wata gawo. A nan na fara lura da abin da ya bi ni har ƙarshen tafiyar. Duk ƙayar da ke bakin hanya tana sanye da wani abu: baƙar leda, hannun riga, guntun gyale, ƙafar wandon yaro. Rana ta dake su, iska ta yayyaga su, amma suna nan. Ni mai sayar da tufa ce, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda suke ƙarewa ba.

Daga Mallawa kabu-kabu biyu suka ɗauke mu. Nawa ya zubar da ni a yashi sau ɗaya, a hankali dai, kamar an sauke buhu. Na tashi ina kakkaɓe jiki, hannuna ɗaya riƙe da jakar rigar ban sake ta ba.

Kafin mu ga masaƙin, sautinsa muka fara ji, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga ƙarƙashin wata rumfar kara. Ina tsammanin tsoho zan gani. Sai ga mutum da bai wuce sa'ana ba, Malam Habu, yana zaune ƙafafunsa suna wasa da igiyoyi, ƙoshiyar saƙa tana shiga tana fita tsakanin zare har ido ba ya bin ta. Zaren ya miƙe daga gabansa ya tafi can nesa, an ɗaure ƙarshensa a jikin wani dutse da ke jan ciki yana matsowa kaɗan-kaɗan. Ya tsaya muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen Kano kamar ya san su. Na warware masa rigar.

Ya shimfiɗa ta a tabarma, ya bi ta da tafin hannu, sannan ya ce, "Ku taso mu je wurin Inna."

Inna Ta-Sallah gwaggonsa ce, tsohuwa ƙwarai, 'yar ƙarama, tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari a hannu da alli a yatsu, tana kaɗi. Ta ajiye mazarin ta karɓi rigar. Ta jawo wani zare daga inda ya tsage, ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai shi dab da ido. Ta sake jawo wani daga wani gefen.

Ta ce, "Habu, duba murɗin nan. Baya yake komawa."

Ya duba ya ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce, "Kaɗin uwata ne. Bahaguwa ce, duk garin nan ita kaɗai ke murza mazari ta haka." Ta ɗago ta dube ni. "Yarinya, 'yar wace ce ke?"

Na gaya mata sunan Baba, Lawali, da sunan kakana. Ta rufe baki da hannu. Matar da ta kaɗa zaren nan ta rasu tun kafin a haife ni, ga 'yarta ta tsufa har ta rankwafa, amma ta gane hannun uwarta a cikin zare kamar yadda ake gane murya a bayan katanga.

A gidanta muka sauka. Aka share mana ɗaki, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, maƙwabta suka yi ta shigowa ganin jikar gari da ta dawo. Kowace ta zo da ɗan abinta, wannan ƙwai, wannan gyaɗa. A wurinmu baƙo yana sanar da zuwansa ta waya tukuna. A nan ba wanda ya tambaye mu yaushe za mu tafi.

Da safe na fito na tarar da abin da ban taɓa zato ba. Malam Habu da wani dattijo maɗinki sun zauna da 'yar wuƙa suna farke rigar. Ashe ba yadi ɗaya ba ce, sirara-siraran fallaye ne masu faɗin tafin hannu aka jera aka haɗa. Sun riga sun raba bayanta falle-falle, an jere a tabarma.

Na ce, "Malam Habu, gyara na kawo. Me zan gaya wa mahaifina?"

Ya ce, "Gyaran ke nan, Hajiya. Don haka ake yin ta falle-falle. Wanda ya mutu a cire shi a saƙa wani a mayar, mai rai ya zauna a wurinsa. Ki kwantar da hankalinki."

Hankalina bai kwanta ba, amma na bar su suka ci gaba da aikinsu.

Inna ta shiga ɗaki ta fito da zaren da ta kaɗa da rani, daga audugar da suke shukawa a gefen gonar gero. Ta ce ba wanda zai sa zarensa kusa da na uwarta sai ita. Aka raba shi biyu, rabi zai zauna fari, rabi aka kai karofi, wato wurin rini. Yana nan bayan rijiya, kamar yadda Baba ya faɗa. Ramukan da yawa sun cike da ƙasa, biyu ne suka rage da rai.

A Kano aka haife ni, amma ban taɓa tsayawa bakin ramin rini ba sai a ƙauyen nan. Ruwan baƙi ƙirin ne, da kumfa a kansa, da wari mai hawa kai. Marinin ya ce ba komai a ciki sai ganyen baba da toka da ruwan rijiya. Ya tsoma zaren ya yi ta juya shi a ƙasan ruwa, sannan ya ɗago. Na ga ya fito kore-kore, kamar ɗanyen ganye. Na buɗe baki zan ce an ɓata zaren Inna, sai Yaya Rabi ta taɓa ni ta ce in duba. A gaban idona, ba wanda ya taɓa shi, koren ya fara juyawa. Iska kawai ke bugunsa yana rikiɗa, daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama shuɗi. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Marinin ya yi murmushi ya sake tsoma shi. Na tsaya a wurin har rana ta ƙona mini ƙeya, duk ɗagowa sai na ji kamar karon farko ne. Ya nuna mini ma lakar da ke taruwa a ƙasan ramin, ya ce ba a zubar da ita, ƙona ta ake yi a sake amfani da ita, da ita ake shafe bangon ramin.

Malam Habu ya ɗora zare a masaƙa, aiki ya fara tafiya, na fara lissafin komawa. Sai hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, aka yi ruwan farko, mai yawa. Yara suka fita suna tsalle a ciki. Washegari na je rumfa na tarar ba kowa. Masaƙa a rufe da tabarma, rigar kakana a ƙulle cikin zane falle-falle, gari kuwa kamar an share shi. Kowa ya tafi shuka.

Na bi su gona raina a ɓace. Na sami Malam Habu yana sara da sungumi, matarsa tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Na ce masa Sallah ta matso, kuma tsohon da ke jiran rigar nan ba shi da tabbacin wata Sallar.

Ya jingina da sungumin ya ce, "Na sani, Hajiya, kuma yana raina. Amma laimar nan ba ta jira. In ta wuce ban shuka ba, gidana ba abinci bana. Ki ba ni in gama gonar nan."

Gaskiyarsa ce. Yaya Rabi ta ɗaura ɗamara ta ce, "To, mu rage musu." Aka ba ni ƙoƙon iri. Na zuba da yawa a rami, na zuba kaɗan, na taka wani ramin ban sa komai ba, matan suna ta dariya suna gyara mini. Ina cikin haka diddigena ya tono wani abu ja. Na ja shi, sai ga rigar ƙwallo ta yaro, lambarta a baya raɗau, ko launinta bai dushe ba.

Malam Habu ya karɓa ya jefa kan wani tsibi a bakin gona, inda irinta suka taru. Ya ce da takin juji suke zuwa. Ya ce shi ma bosho ya yi ta sayarwa a kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. Wata shekara yana huɗa ya tono wata riga da ya gane, shi ya sayar da ita, an sa ta an yar, ta bi juji ta dawo gonarsa. "Gwadon babana kuwa da ya mutu, a gonar nan muka zuba shi da taki, kafin kaka ko zarensa ban gani ba, ƙasa ta cinye. Wannan ko gara ba ta kula shi. Akuya ta haɗiya ta kumbura." Ya ce abin ne ya tsaya masa a rai, har ya je ya sauko da masaƙar ubansa daga inda take rataye.

Na ce, "To yanzu ka hana iyalinka sa bosho?"

Ya yi dariya ya nuna 'ya'yansa da ke can ƙarshen gona. "Ga su nan sanye da shi. Talaka da me zai rufe yara? Ni dai na ce kada abin nan ya mutu a hannuna. Mutum ya samu ko riga ɗaya ce wadda in ta gaji za ta koma inda ta fito."

Ana cikin jiran nan ne na ce bari in haɗa Baba da Inna a waya. Garin ba sabis, su suna cewa rezo, sai an hau wani tudu kusa da makaranta. Aka ɗora Inna a amalanken shanu muka tafi. Na kira ƙanena Auwalu ya kai wa Baba wayar, na buɗe murya.

Inna ta karɓa ta riƙe ta nesa da fuska ta ce, "Kai ne Lawalin da ya faɗa karofi?"

Can muka ji muryar Baba, ta sauya, ya ce, "Wace ce?"

"Ta-Sallah ce, wadda ta ja ka da ƙafa ta fito da kai. Ka yi kwanaki kana yawo shuɗi kamar ɗan aljani, uwarka tana ta dirzar ka da toka."

Ban taɓa jin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba, dariya da kuka a haɗe. Ya shiga tambayar ta mutane da sunayensu, sunayen da ban san yana riƙe da su ba. Ita kuwa tana amsawa, wane ya rasu, wance ta rasu, wane jikokinsa suna nan. Har cajin wayar ya ƙare ba su gama ba.

Da aka gama shuka Malam Habu ya koma masaƙa, bai ƙara ɗaga kai ba sai sallah da abinci. Maɗinkin ya haɗa fallayen da allura, sabo kusa da tsoho. Sababbin sun fi duhu, ana gane su. Na yi maganar, Inna ta ce, "Bar su. Sabon nawa ne, tsohon na uwata ne. Za su sha wanki su daidaita." Fallayen da aka cire ma ba a yar ba. Inda ke da sauran ƙarfi aka yanka aka ɗinka 'yar hula, Inna ta ce in kai wa ƙaramin jikan Baba. Ruɓaɓɓen kuwa matar Malam Habu ta tattara ta kai gindin audugarta ta tura cikin ƙasa.

Da za mu tafi Inna ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ba ta yi mini alkawarin sake ganawa ba, ni ma ban yi mata ba. Ta ce in gaida Lawali, in ce masa ya yi nesa da rami.

Dawowa da raguna muka yi ta, har ɗaya ya ɗora haɓarsa a kafaɗata daga Dungas zuwa Magariya. Na rabu da Yaya Rabi a tasha, na ƙetare iyaka cikin cunkoson masu tafiya Sallah, na iso gida ranar jajibere da ƙura har cikin kunne.

Baba yana zaune a tabarmarsa na ɗora masa rigar a cinya. Ya sunkuya ya shinshina ta tukuna. Sannan ya bi ta da yatsu, falle bayan falle, yana tsayawa duk inda sabo ya haɗu da tsoho. Bai yi mini godiya da baki ba. Ya dai ɗora hannunsa a kaina, abin da rabonsa da yi tun ina yarinya.

Ranar Sallah Auwalu da maigidana suka sa masa ita. Tana da nauyi, shi kuma ya rame, sai da aka naɗe masa hannuwan a kafaɗa. Ni ina gida wurin aikin abinci, abin da ya faru a filin idi Auwalu ne ya ba ni labari. Baba ya daɗe ba ya iya sallah a tsaye saboda gwiwa, don haka sun tafi masa da kujera. Da aka tayar da sallah Auwalu ya gyara masa ita a sahu, sai Baba ya ture ta da ƙafa. Auwalu ya raɗa masa cewa zai faɗi.

Baba ya ce, "Riƙe mini gwiwar hannu. Ubana bai taɓa sallah a zaune da rigar nan ba."

A tsaye ya yi raka'o'in biyu.